"For God's sake" ba ita ce "don Allah" ba: saura ƙiris in rasa hutuna

Ɗan Sito, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da abin kunya na zo, amma gara a yi mini dariya a nan da in sake tafka shi a wajen aiki.

Shekarata huɗu ke nan ina aikin sito a wani kamfanin kayan sanyi a Jidda. Da can manajanmu Bamisire ne, da Larabci muke komai. Wata uku da suka wuce aka kawo mana wani Bature ɗan Ingila. Na cike takardar neman hutu saboda bikin ƙanwata a Katsina, ta kwana tara a kan teburinsa ba a taɓa ta ba, ga kuɗin tikiti kullum sai hawa yake. Jiya da safe na tura masa saƙo ta WhatsApp: "Good morning sir. For God's sake, sign my leave form today. I want to buy my ticket."

Wallahi ni a raina na gama ladabi. Na gaishe shi, na ce masa sir, na haɗa shi da Allah. Ko minti biyar ba a yi ba ya sa aka kira ni ofis. Na tarar ya sha mur, kunnuwansa sun yi jajir, ya ɗaga wayar yana nuna mini saƙon, yana tambayata ko akwai wata matsala tsakaninmu. Na yi tsuru-tsuru. Sai da na fito wani ɗan Filifin da muke aiki tare ya ja ni bayan kwalaye ya ce abin da na rubuta kamar na daka wa mutumin tsawa ne. Har yanzu takardar tana nan. Me zan rubuta masa in gyara?

Direban Dammam:
Hahaha, inna lillahi! Ɗan'uwa ka zagi mai gida da sunan Allah ba ka sani ba.

Maman Yara, Makka:
Kai Direba ka bar dariya, yaro yana cikin damuwa. Ƙanena ka yi haƙuri, ba kai kaɗai ba ne. Ni da kaina na taɓa ce wa wata likita 'yar Indiya "Give me the result", ta dube ni sama da ƙasa kamar na tako kashi. Bari Malam ya zo, shi ne mai wannan fage.

Malamin Turanci, Madina:
Wa alaikumus salam. Hajiya kin jawo ni, to bismillah.

Ɗan Sito, laifi biyu ne a saƙonka, kuma na biyun ya fi na farkon girma, duk da na farkon ne ya fi ba da dariya.

Na farko: Bature ba ya cewa "for God's sake" sai ransa ya ɓaci, haƙurinsa ya ƙare. Kusan daidai take da mu ce "haba, wai kai wane irin mutum ne!" Kalmomin sun yi daidai da "don Allah" ɗaya bayan ɗaya, amma aikinsu ya yi hannun riga. A goge ta daga kai gaba ɗaya in dai roƙo ake yi.

Na biyu: ko da ka cire ta ka sa please, "sign my form today" umarni ne tsirara, irin wanda babba ke ba na ƙasa da shi. Nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Ku duba yadda muke roƙo da Hausa. Da manajan nan Bahaushe ne, ai ba za ka ce masa "sa hannu yau" ba. Cewa za ka yi, "Ranka ya daɗe, dama na ce ko za a ɗan duba mini takardar nan, in an samu sarari." Ƙirga matasan kai nawa ka jera wa maganar: dama, na ce, ko, ɗan, in an samu sarari. Har "ka" ɗin ma ka kauce mata, ka ce "za a", don kada ka nuna shi da yatsa. Mun iya abin nan tun muna goye. Amma da mun juya harshe zuwa Turanci sai mu zubar da su duka a bakin ƙofa, mu shiga da aikatau kaɗai, mu manna masa please muna zaton mun biya.

Turanci yana da nasa matasan kan, kuma kusan kowanne yana da ɗan'uwa a Hausa. "Ko za ka" ita ce "could you" ko "would you". "Ɗan" ita ce "just" ko "a quick", kamar "could you have a quick look". "In an samu sarari" ita ce "when you get a chance". Ita kuwa "dama na ce ko", wadda ta fi kowacce laushi, ita ce "I was wondering if". Ku lura da wani abin mamaki: dukkan harsunan biyu suna tura maganar baya ne, kamar tunanin ya riga ya wuce. Mai cewa "dama" ai yanzu yake so, haka mai cewa "I was wondering" yanzu yake so. Ana ja da baya ne don a bar wa mutum filin cewa a'a ba tare da an ji kunya ba.

Ga abin da zan rubuta da ni ne kai: "Good morning. I'm sorry about my message yesterday, I translated a polite phrase from my language and it came out wrong. I was wondering if you could have a look at my leave form when you get a chance. I'd like to book my ticket this week, as prices are going up."

Ka ga na sauya "I want" zuwa "I'd like", kuma na ba shi dalili. Bature yana son a gaya masa dalili.

Ɗan Sito, Jidda:
Allah ya saka da alheri Malam. Na kwafe. Amma ba a sa sir ba, ba zai ga raini ba?

Malamin Turanci, Madina:
In sauran ma'aikata da sunansa suke kiransa, kai ma kira shi da shi. Turawan Ingila da yawa sir tana sa su jin kamar suna aji ko a bariki. Ɗan Indiya ko ɗan Filifin kuwa sa masa, ya saba da ita. Saurari yadda ake kiransa a ofis ɗin.

Injiniya, Jubail:
Malam da girmanka, amma ni fa ban gamsu ba. Hutu haƙƙin yaron nan ne, yana cikin kwantiraginsa, ba sadaka yake nema ba. Takarda ta kwana tara, wanda ya ajiye ta shi ne mai laifi, sai kuma a ce mai haƙƙi ne zai zo yana "I was wondering"? Wondering ɗin me? Wannan kewaye-kewayen shi ke sa ana taka mu. Ni a wajen aikina kai tsaye nake magana kuma ba wanda ya taɓa kai ƙarata.

Maman Yara, Makka:
Injiniya, durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Igamar yaron nan, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, a hannun kamfanin take, bizar fita da dawowa ma yawanci su ke buga masa. Ka ce ya je ya yi musu gatsau, in suka hana shi kai za ka kai shi Katsina?

Injiniya, Jubail:
Hajiya ban ce ya yi rashin kunya ba. Na ce kada mu mai da kanmu mabarata.

Malamin Turanci, Madina:
Injiniya, na fahimci inda ka dosa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ka saurari yadda shi Baturen yake magana da mai shara. Zai ce masa "would you mind emptying this?" alhali shi ke biyansa albashi. Ba bara yake yi ba, haka harshen yake tafiya tsakanin kowa da kowa. Akwai dalili a tarihi. Da can Turanci yana da "thou" ta kusa da "you" ta girmamawa, kamar yadda Faransanci ke da tu da vous har gobe. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 "thou" ta fita daga maganar yau da kullum, sai a addu'a da waƙa da wasu kare-karen harshe na arewacin Ingila. Wanda ya taɓa karanta fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 ya gan ta birjik. Da sarki da bara duk suka koma "you". Ba su da "ranka ya daɗe" ta kullum, ba su da "tal umrak" da Saudiyawa ke faɗa wa manya, wadda ma'anarta ɗaya da tamu. To ina girmamawar za ta zauna? Sai ta koma cikin ginin jimla. Ita kanta please guntuwar "if it please you" ce, asalinta daga Faransanci, wato in ka yarda, daidai da "law samaht" ta Larabci.

Kuma laushi ba ya hana ƙarfi. In takarda ta sake kwana uku, sai ya rubuta: "I'm afraid I do need an answer by Thursday." Babu zagi, amma duk Baturen da ya ga wannan ya san an kai bango.

Nas, Riyad:
Ni zan tsaya tsakiya. Shekarata shida a ɗakin gaggawa na wani asibiti, kuma a asibitocin ƙasar nan Turanci ne harshen aiki tsakanin likitoci da nas-nas, ko da dukkansu Larabawa ne a kan rubuta fayil da Turanci. In numfashin majiyyaci ya tsaya, ba mai cewa "would you mind". Sunan mutum za ka kira, ka ba shi umarni, ya maimaita maka don ka san ya ji. Wanda ya tsaya lallashi a lokacin ma faɗa za a yi masa. Amma minti goma bayan nan, a ɗakin shan shayi, in kana son wata ta karɓar maka aikin daren Alhamis, ka ce mata "take my shift" ka ga ikon Allah. Sai dai "is there any chance you could swap with me?" To Injiniya, ina jin a filin aiki kake ba da umarninka, shi ya sa ba a kai ƙararka ba. Gwada shi a kan matar da ke biyan alawus.

Injiniya, Jubail:
Anti Nas kin kama ni. Wannan matar ko gaisuwa sai na shirya.

Direban Dammam:
Ni matsalata daban ce. Masu lodin da nake aiki da su 'yan Bangaladash ne da 'yan Nepal. Ranar nan na gwada irin Turancin Malam, na ce wa wani "would you mind moving the pallet", ya tsaya yana kallona yana murmushi, ya ce "mafi malum", wato bai gane ba. Da na ce "sadik, this one, there, please" nan take ya ɗauke. Har shayi ya sayo mini.

Malamin Turanci, Madina:
Direba kai ne da gaskiya a nan, ban da ja. Wanda Turancinsa kaɗan ne, doguwar jimla wahalar da shi take, ba girmama shi ba. Gajeriyar magana da sakin fuska ta wadatar.

Tunda ka kawo "would you mind", akwai tarko biyu a cikinta. Aikatau da ke binta dole ya ƙare da ing: "would you mind waiting", ba "to wait" ba. Sannan amsarta a juye take. Ma'anarta "zai dame ka?", saboda haka in ka yarda cewa za ka yi "not at all" ko "no problem". In ka ce "yes" kaɗai ka yi shiru, ka ce zai dame ka ke nan.

Maman Yara, Makka:
Wannan juyin ya taɓa kunyata ni. Malamar ɗana ta ce "He hasn't eaten?", na ce "yes", ina nufin eh bai ci ba, kamar yadda muke yi da Hausa. Ita ta ɗauka ya ci. Yaro ya wuni da yunwa, ya dawo yana harara ta. Yanzu cikakkiyar jimla nake ba su, "no, he hasn't", kowa ya huta.

Yaran nan kuwa sun fi mu. Tun 2021 da aka fara koyar da Turanci daga aji ɗaya na firamare a makarantun gwamnati, autata da ke aji uku har gyara mini take. Na ce wa mai kanti "I want water", ta ja mini abaya ta ce Mama ba haka ake cewa ba, "can I have". A gaban mutane fa.

Baffan Maiwurno:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni Turancina bai wuce na gaisuwa ba, amma na karanta duka, abin ya taɓa ni. A Maiwurno aka haife ni, bakin kogin Nilu, kakanninmu a kan hanyar hajji suka yada zango can. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya kawo ni wajen ɗana a Jidda. Mu a Sudan in za mu roƙi mutum "alek Allah" muke cewa, ita ce don Allah ɗinku sak. Da na zo nan na tarar su "takfa" suke cewa, ko "Allah yikhallik". Larabci ne duka, na yi shekara sittin ina yin sa, amma sai da na sake koyon roƙo kamar yaro. To in Larabci da Larabci sun saɓa haka, ina ga Turanci. Ɗana mai sito, kada ka ji kunya. Baƙo ko da idonsa ya kai kwano makaho ne.

Malam, ni abin da nake so, in na je asibiti in tambayi 'yan matan Filifin ɗin nan inda ake karɓar magani ba tare da na zama kamar ɗan sanda ba.

Malamin Turanci, Madina:
Allah ya ƙara lafiya Baffa, ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Ka riƙe wannan kaɗai: "Excuse me, where is the pharmacy, please?" Ta isa, ba wadda za ta ga laifinka, ga furfura kuma tana yi maka rabin aikin.

Ga matasa masu son ƙari: in kun fara da "could you tell me" ko "do you know", tambayar ciki tana miƙewa ta koma kamar labari. "Could you tell me where the pharmacy is?", is ɗin a ƙarshe. Ba "where is the pharmacy" ba. Haka "do you know what time the train leaves?", does ta ɓace. Ɗalibaina sun fi faɗuwa a nan fiye da ko'ina. Ranar nan a tashar jirgin ƙasa ta Haramain na ji wani ɗan gida yana ce wa ma'aikaciya "tell me where is gate", na so in tsoma baki, na tuna ba a aji nake ba.

Baffan Maiwurno:
Na rubuta a bayan katin asibiti da ajami. Allah ya yi albarka.

Ɗalibar Thuwal:
Malam ina da tambaya kan kindly. A gida Najeriya duk wasiƙa da ita ake farawa. Na rubuta wa farfesana, Ba'amurke, "Kindly send me the data", wata ƙawata ta ce ba ta yi daɗi ba. Ni na ɗauka ta fi please ma.

Nas, Riyad:
'Yan Indiya da muke aiki da su kullum ita ce a bakinsu, har da "do the needful". Tsakaninmu ba mai jin komai.

Malamin Turanci, Madina:
Haka ne, a Najeriya da Indiya kalma ce ta ladabi, kuma ba kuskure ba ce. Amma a kunnen ɗan Ingila ko Amurka tana da ƙamshin sanarwar hukuma, ko gargaɗin wanda ya fara gajiya da kai, irin "kindly leave". Ga shi kuma jimlar taki har yanzu umarni ce. Mai da ita tambaya: "Could you send me the data when you have a moment?" Haka "help me sign this" da muke yawan faɗa, muna fassara "taimaka ka sa mini hannu". Bature zai ɗauka ke ce za ki sa hannun, shi ya riƙe miki biro.

Sai dai kada a zarce. Na taɓa ganin saƙon wani ɗalibi da ya haɗa "sorry to disturb", "I was just wondering", "if possibly", "maybe", "if you don't mind" duk a layi ɗaya, har na gama karantawa ban san me yake nema ba. Gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci. Biyu sun isa.

Injiniya, Jubail:
To ka ga abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Maman Yara, Makka:
Ba shi kake faɗa ba, Injiniya, kada ka hau motar da ba taka ba.

Mai Kula da Zaure:
'Yan'uwa, wanda ya saka tallar turaren wuta a tsakiyar muhawara na goge. Ranar talla Asabar ce. A ci gaba.

Direban Dammam:
Mai Kula, I was wondering if you could ɗan bar shi, turaren yana da kyau.

Mai Kula da Zaure:
I'm afraid not.

Ɗan Sito, Jidda:
Jama'a ga yadda aka yi. Na tura saƙon Malam da ƙarfe takwas da rabi, na cire sir, na sa sunansa, hannuna har rawa yake. Shiru har azahar. Bayan salla ya sauko sito da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni wace kalma ce na fassara, na ce "don Allah". Ya gwada faɗa, ya ce "dan Ala", 'yan lodi suka fashe da dariya. Ya ce takardar ta shige ƙarƙashin wasu fayil-fayil ne, bai ma gan ta ba. Da zai tafi ya ce "leave it with me". Malam, wannan eh ce ko a'a? Don ni na ji leave a ciki, ban sani ba ko hutun yake nufi.

Malamin Turanci, Madina:
Ba hutun ba ne, wannan leave ɗin ta bari ce. Yana nufin bar shi a hannuna, zan yi. Alama ce mai kyau, amma ba sa hannu ba ce tukuna. Kada ka sayi tikiti sai ka ga biza ta fito a manhajar gwamnati ta Absher. Gobe Alhamis, jibi da gata ba aiki. In Lahadi ta yi ba ka ji komai ba, ka tura masa: "Just checking if there's any news on my leave form."

Maman Yara, Makka:
In ta fito ka yi mini magana ta gefe ƙanena, akwai ɗan saƙon dabino da zan ba ka ka kai wa yayata a Ƙofar Ƙaura. Bai fi kilo uku ba.

Direban Dammam:
Kilo ukun Hajiya fa ka auna shi da kanka.